Ɗiyata Ba Ta Tafi Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Tsangayar Shari'a,
ta hannun Daraktan Ofishin Musayar Ɗalibai.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, ina fatan wagga wasiƙa ta same ka lafiya, kai da iyalinka da malaman da ke aiki ƙarƙashinka.

Sunana Hajo, ina zaune a Bodinga. Maigidana tela ne a kasuwa, ni kuma ina yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a cikin gida. Ni ce mahaifiyar Balkisu, ɗalibarku ta aji huɗu. Ɗiyar fari ce, kuma ka san al'adarmu, bakina bai saba da kiran sunanta ba. Na rubuta shi nan ne don dole, domin in ban rubuta ba ba za ka san wadda nake nufi ba. Ban yi boko da ƙuruciya ba, sai da girma ya zo na shiga ajin manya. In ka ga rubutun da gargada ka yi haƙuri, hannuna ne, ba wanda ya rubuta mini.

Na zo ofishinka ba sau ɗaya ba, kullum a ce kana taro. Na bar saƙo wurin sakatarenka, ban ji amsa ba. Shi ya sa na kawo maganar inda kowa zai gani.

Ga maganar a taƙaice. A kwamfutarku an rubuta ɗiyata tana ƙasar waje tana karatu. Makarantar da ke can ita ma ta ce tana wurinsu. Ita kuwa tana ɗakin bayan gidana, ko ƙofar jirgi ba ta gani ba. Jarabawa ta ƙarato, ba ta da kujerar da za ta zauna, nan ko can. Kuma abin da ya fi jarabawar tsorata ni shi ne yadda yarinyar take komawa a gaban idona.

Na farko: yadda aka fara.

Ofishin musaya ya kafa sanarwa cewa wata makarantar koyon shari'a a ƙetare tana karɓar ɗalibi baƙo na zango ɗaya, ita ma ta turo nata ya zauna nan. Ba zan kira sunan makarantar ba, don ban san laifinta ba tukuna. Ɗiyata ta nema. Ta tara sakamakonta na shekarun baya, ta samu takardun shaida daga malamanta biyu, ta yi fasfo, ta zauna jarabawar Turanci. An ce kuma ta rubuta dalilin da ya sa take son zuwa. A ƙarƙashin itacen dogon yaro na tsakar gidanmu ta rubuta shi, ina tuya tana karanta mini da Hausa. Ta rubuta kan rabon gonakin gado, irin wanda ta taso tana gani a Lambara wajen dangin babanta, inda ake zuwa gaban alƙali a raba, sannan a koma gida maza su ci gaba da noman kason mata kamar ba a raba ba. Ta ce tana so ta ga yadda wasu ƙasashe ke bi bayan hukunci har mai haƙƙi ya riƙe haƙƙinsa a hannu. Na ce mata wannan dalili ya isa.

Daga baya jami'in da ke zama a teburin farko na ofishin musaya ya kira ta. Ya ce an zaɓe ta, ta shirya. Ya ba ta takarda mai hatimin jami'a. Turanci ne, ban iya ba, amma na ga sunanta, na shafa hatimin da yatsana.

Ranka shi daɗe, ba wanda ya gaya mata cewa wannan zaɓenku ne kawai. Ba wanda ya ce akwai wata takardar karɓa da za ta zo daga can ta hannun ofishinku, wadda in babu ita ba a ba da biza. An ce ta shirya, mu kuwa muka shirya yadda mutanenmu ke shirin tafiya mai nisa.

Na biyu: bankwana.

Kai ma ɗan ƙasar nan ne, ka san ba a ƙetare ruwa a sulale kamar ɓarawo. Sai da ta bi dangi gida-gida. Mun je Shagari wurin Inno, mahaifiyata. Mun hau babur zuwa Kajiji wurin Goggo Dije, ƙanwar babanta. Mun je Lambara. Ko'ina sai ta durƙusa ta nemi gafara, a ce an yafe mata duniya da lahira, ita ma ta yafe. Inno ta dafa kanta ta yi mata addu'a mai tsawo, ta ce ƙila in ta dawo ba za ta tarar da ita ba, to su yi sallama mai kyau tun yanzu. A gida aka tara malamai aka yi sauka, aka raba waina har maƙwabtan maƙwabta. Ta rarraba tsofaffin zannuwanta da takalmanta ga 'yan uwa, kamar yadda matafiyi ke yi. Babanta ya ɗinka mata rigar sanyi mai kauri, ya cusa mata auduga a ciki, don an ce ƙasar tana da sanyi.

Ranar tafiya ya rufe shago. Mata suka cika napep har tasha. Aka sa ta a mota, aka tsaya ana ɗaga hannu har motar ta ɓace. Shirin shi ne ta je Abuja ta karɓi biza, daga can ta hau jirgi.

A ofishin jakadanci suka tambaye ta takardar karɓa daga makarantar can. Ta miƙa taku. Suka turo mata abarta ta ƙarƙashin gilashi, suka kira na bayanta. Ta buga wa jami'inku waya, ya ce takardar tana hanya. Ta zauna a gidan wani ɗan garinmu tana jira, har zaman ya fara yi wa masu gida nauyi. Sai ta juyo.

Na uku: umarnin da ofishinku ya ba ta.

Wannan nake so ka duba da kyau, domin daga nan komai ya lalace. Da ta ce za ta koma aji kafin takardar ta iso, jami'in ya hana ta. Ya ce an riga an cire sunanta daga rajistar nan an mayar can. Ya ce in ta shiga aji, ko ta sa hannu a takardar halarta, ko aka gan ta a masaukin ɗalibai, za a ɗauka ta fasa, musayar ta rushe, kuma jami'a ta ji kunya. Ya ce ta laɓe a gida na ɗan lokaci, kada ta cika bari a gan ta.

Ta bi umarni. Da rana tsaka ta sauka kafin tasha, lokacin da gari ke shiru kowa ya shige inuwa, da niƙabin aro a fuskarta. Ta shigo ta ƙofar baya, inda muke fitar da awaki. Ina tankaɗe na ɗaga kai na ga mace tsaye cikin baƙaƙen kaya ba ta yi sallama ba. Sai da ta ce "Inna, ni ce" na iya numfashi.

Ba mu gaya wa kowa ba. Mun ɗauka yau ne ko gobe takardar za ta zo, ta sake fita ta inda ta shigo, ba wanda ya ji. Kuma ka faɗa mini, wadda gari guda ya yafe wa, aka yi mata sauka, aka raka ta tasha, da wace fuska za ta fito tsakar gida washegari tana wanke-wanke? Ƙannenta suna makarantar kwana, daga ni sai babanta muka sani. Ta shiga ɗakin nan ana girbin gero. Yanzu ga sabuwar albasa ta fara shiga kasuwa.

Na huɗu: yadda gidana ya koma.

Ba na shanya kayanta a waje, don maƙwabta sun san zanenta. A ɗaka suke bushewa, suna warin danshi. In na auna tsaba sai in auna ta mutum biyu a gaban mutane, in ƙara ta ukun a ɓoye. Da safe, kafin masu sayen mai su fara shigowa, nakan bi tsakar gida da tsintsiya in share sawunta. Ranka shi daɗe, ban san ko ka taɓa share sawun ɗanka don kada a san yana nan ba. Ba aiki ne da uwa ya kamata ta saba da shi ba, amma na saba.

Babanta kuma a kasuwa yake shan tasa. Kowa ya kawo ɗinki sai ya tambayi Lauya, haka suke kiranta. Ya ce tana lafiya. Wannan kaɗai ce gaskiyar da ya samu ya riƙe, har ita ma ta fara kuɓuce masa.

Ƙawayenta sukan zo gaishe ni. Su zauna a tabarma, bayansu jingine da bangon ɗakin da take ciki, suna ba da labarinta: yadda take dariya, yadda take gardama, abin da ta taɓa cewa ranar bikin wance. Irin hirar da ake yi a zaman makoki. Ita kuwa tana ji ta bayan bango.

Ran nan Goggo Dije ta zo daga Kajiji, ta ce ba za ta koma ba sai ta ji muryar ɗiyarta. Ba yadda zan yi, na buga. Yarinyar ta amsa daga ɗakin baya, ta lulluɓe kanta da bargo don kada sauti ya fito. Ni ina zaune tsakanin su biyu. Sai na riƙa jin muryarta sau biyu: ta fara zuwa ta bango, can ƙasa-ƙasa, sannan bayan ɗan jim ta fito ta waya. Goggo kunnenta ya yi nauyi, ta waya kawai take ji. Ta dube ni ta ce, "Ji yadda maganar ke jinkiri kafin ta iso, lallai ƙasar da nisa." Ta ja mata kunne kada ta ci naman da ba ta san yankansa ba. Ta ce in ta kwaso musu miji mai jan kunne, to a Kajiji zai yi noman gandu kafin a ba shi. Yarinyar ta yi dariya, ta ba ta labarin sanyi, da motar da ke kai su aji, da wani kogi da ake gani ta tagar ɗakinta. Ɗakin da take ciki ba shi da taga, sai 'yar kafa a sama.

Da farko in an gama irin wannan waya takan fito ta ce, "Inna, Allah shi yafe mana." Daga baya ta daina cewa. Ranar Goggo, bayan na raka ta na dawo, na tura ƙofa na same ta zaune a bakin gado cikin rigar sanyin nan mai auduga, ta ja zif har wuya. Rana tsaka ce, kwano na ƙara don zafi, ni zufa na bin bayana. Na taɓa goshinta. Ba zufa ko ɗigo.

Na biyar: saƙonnin da ke zuwa daga can.

Labarin kogi da mota ba ƙirƙira ta yi ba. Tun makon da ya kamata ta isa, makarantar can take turo mata saƙon imel a wayarta. Na farko na maraba ne. Sai jadawalin darasi. Sai gargaɗin sanyi ya shigo, kowa ya nemi riga mai kauri. Waɗannan na fahimta, an ce mini na'ura ce ke aika wa duk wanda sunansa ke ciki.

Amma sai aka turo cewa an karɓi makullin ɗakinta. Aka turo ana yi mata godiya da ta halarci liyafar baƙin ɗalibai. Aka turo cewa littafin da ta ara a laburare lokacinsa ya wuce, ta mayar. Ta fassara mini sunan littafin. Kan gadon ƙasa ne, abin da ta ce za ta je ta karanta. Ta amsa musu ta ce ba ta zo ba, tana Nijeriya. Amsar da ta dawo ita ce an gode, an ga saƙonta, in tana da damuwa ta leƙo ofishinsu a bene na biyu.

Ni ba na jin Turanci, amma a saman kowane saƙo ina ganin sunanta, harafi bayan harafi, ba kuskure ko ɗaya.

Tun daga nan ta mayar da agogon wayarta kan lokacinsu, wanda ya riga namu. Salla kawai take yi da ranarmu. In lokacin darasi ya yi a jadawali sai ta ɗauki littafi da biro, ta zauna ta fuskanci bango, ba ta motsi har lokacin ya cika. In na shiga da abinci sai ta ɗaga mini hannu a hankali ta ce, "Inna, muna aji." Muna, ranka shi daɗe. Ita da su wa?

Na shida: zuwanmu jami'a.

Da na ga haka na sa mata niƙabi na kama hannunta muka hau mota zuwa Sakkwato. Muka tsaya gaban teburin jami'in nan. Na ce ga ta, a duba mana maganarta. Ya danna kwamfuta, ya juyo mini da fuskar kwamfutar, ya nuna wani layi da bakin biro ya ce, "Hajiya, ga shi nan, tana can." Na ce ga ta tsaye kusa da ni. Ta ɗage niƙabin don ya gani. Bai ɗaga kai ba. Ya ce shi abin da ke cikin kwamfuta ya sani, kuma ba a taɓa sunan ɗalibin musaya sai zango ya ƙare. Na tambayi takardar da aka ce tana hanya, ya ce ai wanda ya riga ya yi rajista a can ba ya bukatar takardar karɓa. Na tambayi wa ya yi mata rajistar, ya ce wannan sai can. Da muka juya za mu fita ya ce, "In ta dawo, ta zo da kanta."

Ban ce ya yi da mugunta ba. Da ladabi ya yi magana, har kujera ya ba ni. Amma na ji hannunta ya yi sanyi a cikin nawa, ta sauke niƙabin.

Na bar ta a masallacin mata, na nufi masaukin ɗalibai don in ɗauko bokitinta da katifarta da ta bari. A kan gadonta na tarar da baƙuwar da aka turo a madadinta. Yarinya ce fara, siririya, da ɗan kwali, mai fara'a. Abokiyar ɗakinsu ta gaya mata ko ni wace ce, sai ta tashi da sauri ta riƙe hannuna biyu, ta kira sunan ɗiyata da irin harshensu. Abokiyar ɗakin ce ke fassara. Baƙuwar ta ce ɗakinta na can shi aka ba ɗiyata, kamar yadda aka ba ta gadon ɗiyata a nan. Ta ce in kwantar da hankalina, ta tambayi ƙawayenta na can da ke bene ɗaya da ɗakin. Sun ce wadda ke ɗakin yarinya ce mai shiru, ba ta cika fitowa ba, kullum ƙofarta a rufe. Sun ce sukan ji ta ta bango tana waya da wani harshe, wani lokaci tana dariya.

Ban ɗauki bokitin ba. Ban san yadda na sauko daga benen masaukin ba.

Ranka shi daɗe, ni mace ce mai salla, ba na bin bokaye, kuma ba na son in faɗi abin da ban gani ba. Abu biyu ne hankalina ya iya kamawa. Ko dai an tura wata da sunan ɗiyata, da takardar da aka ce mana tana hanya. Ko kuwa ɗakin nan ba kowa ciki, na'ura ce ke surutu ita kaɗai, 'yan matan can kuma sun faɗi abin da zai faranta wa ƙawarsu rai. In na farko ne, wani a cikin ofishinku ya san wace ce. In na biyu ne, waya ɗaya daga gare ka ta isa a buɗe ƙofar a duba. Na uku kuwa ba na son in yi tunaninsa, ko da yake yana zuwar mini ina tsakiyar tuya, har ƙuli ya ƙone.

Ban gaya wa ɗiyata abin da baƙuwar ta ce ba. A mota muna dawowa ta jingina kanta da gilashi ta ce, ba tare da ta dube ni ba, maƙwabtanta suna da kirki, ba sa damunta.

Na bakwai: abin da ya sa na ɗauki biro.

A makon nan aka aiko daga Shagari cewa jikin Inno ya yi tsanani. Ta daina cin abinci, sunan jikarta kawai take kira. Kai ka san tsakanin Bodinga da Shagari, kafin a dafa shinkafa an isa. Na shiga ɗaki na ce ta tashi ta sa hijabi mu tafi, asirin ya tonu in zai tonu, ba zan bari tsohuwar nan ta cika tana zaton jikarta na bayan teku ba.

Ta dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda bai gane abu mai sauƙi ba. Ta ce, "Inna, ai ba a ba mu hutu ba tukuna. Ki gaishe mini da ita, ki ce ina nan tafe in zango ya ƙare."

Ba wasa take ba. Na haife ta, na san fuskarta ta wasa.

Babanta yana karanta mata ayoyi a ruwa tana sha, kuma za mu kai ta asibiti. Amma na san inda ciwon ya samo asali. An ɗauki yarinya mai hankali, mai gardama, wadda ba a taɓa kayar da ita a magana ba, aka ce mata ba ta nan. Kwamfuta ta faɗa, jami'i ya faɗa, makarantar can ta faɗa, dangi suka faɗa, mu iyayenta ma muka taya su faɗa. Ta daɗe tana musu ita kaɗai. Yanzu ta yarda.

Don haka ga abin da nake roƙo.

Ɗaya. Ka sa a mayar da sunanta rajistar ajinta kafin a fara jarabawa, a ba ta hanyar cike abin da ta rasa. Rashin zuwanta aji umarnin ofishinku ne, kada a lissafa mata shi a matsayin laifi. Tafiyar mun haƙura da ita. Ba ma son biza, ba ma son jirgi.

Biyu. Ka kira makarantar can da bakinka, ba ta na'ura ba. A sa mutum mai ƙafa ya hau benen ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin. In akwai mutum a ciki a tambaye ta sunan uwarta da garinsu. A gaya mini abin da aka gani, ko mene ne.

Uku. A cire sunan ɗiyata daga can, a daina turo mata saƙo. Duk saƙon da ya shigo yana ƙara jan ta.

Huɗu. A bincika inda takardar karɓa ta shiga, da hannun da ya karɓe ta.

Biyar. Daga yau kada ofishinku ya ce wa ɗan kowa ya shirya sai takardar can tana hannunsa. Ku a wurinku kalma ce. Mu a wurinmu sauka ce, da neman gafara, da tsohuwa ta yi sallamar ƙarshe.

Shida, kuma wannan ba ya bukatar hatimi. Zan kawo ta ofishinka ranar Litinin da hantsi, ba niƙabi. In kana taro za mu jira. Ina so ka ɗaga kai ka dube ta, ka kira sunanta, ka ce mata kana ganinta. Daga bakinku ta ji cewa ta tafi, ina jin daga bakinku za ta fi yarda cewa tana nan.

Sauran maganar ba taka ba ce, ka ba ni aron wurin. 'Yan uwana na Bodinga da Shagari da Kajiji da Lambara, duk wanda wannan ta iske, ya karanta wa wanda bai iya ba. Balkisu ba ta tafi ba. Tana gida tun girbi. Goggo Dije, muryar da kika ji daga bayanki take fitowa. Mun ɓoye muku, ku yi mana afuwa, wanda zai yi dariya ya yi, ta fi mini wannan shirun. Na cire labulen ɗakin, ƙofar a buɗe take. Ban san gaisuwar da za ku yi mata ba, tunda ba daga ko'ina ta dawo ba. Ku dai zo da yawa, ku zauna inda za ta gan ku, ku yi mata tsiya yadda kuka saba, ku aike ta ta ɗebo muku ruwa. In ta yarda ta fito, gobe ku raka mu Shagari.

Ranka shi daɗe, Allah shi ja zamaninka, shi ba ka ikon yin adalci a kujerar da ya ɗora ka, shi tsare ka da zaluntar wanda ba ka ma san ka zalunta ba. Allah shi raya maka zuri'a. Allah shi sa duk ɗan da ka haifa, in an tambaye ka inda yake, amsa ɗaya ce gare ka.

Wassalamu alaikum.

Hajo, mahaifiyar Balkisu,
Bodinga.